Rage Haɗarin Yagewa Yayin Haihuwa: Abin da Likitanci Ya Gano da Abin da Shari'a Ta Ɗora

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yagewar da ke samun mace a tsakanin farji da dubura yayin haihuwa, da matakanta, da abubuwan da ke jawo ta, da hanyoyin da binciken likitoci ya nuna suna rage ta. Sannan ta auna waɗannan hanyoyi da ma'aunin fiƙihu, musamman na mazhabar Malikiyya, ta fuskar tsarki da azumi da al'aura da ciyarwa da lamuni. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, mummunar yagewa cuta ce da ake iya rage aukuwarta ta hanyar sabubba sanannu, kuma Shari'a ta rarraba nauyin riƙon waɗannan sabubba a kan mace da mijinta da mai karɓar haihuwa da al'umma.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci ɗan Adam a cikin mahaifa, Ya sauƙaƙe masa hanyar fitowa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da aka miƙo mini a takarda, ba suna, a ƙarshen wani karatun fiƙihu na mata. Mai tambayar ta ce tun haihuwarta ta fari, shekara shida ke nan, ba ta iya riƙe iska, wani lokaci har da abin da ya fi iska. Tana son sanin hukuncin alwalarta, kuma ta ce ta daina zuwa sallar tarawihi da makarantar Islamiyya don gudun abin kunya. Na ba ta amsar fiƙihu a babin salas, amma na tashi ina jin cewa amsar ta zo a makare. Tambayar da ta kamata a yi tun shekara shida da suka wuce ita ce: yaya za a yi kada wannan ya same ta, kuma idan ya same ta yaya za a gyara shi a ranar?

Alƙur'ani ya ambaci wahalar uwa a wurare da dama. Aya ta 14 ta Suratu Luƙman ta siffanta ɗaukar ciki da rauni a kan rauni, aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf ta haɗa wahalar ɗauka da wahalar haihuwa, Suratu Maryam kuma ta ba da labarin yadda naƙuda ta kai Nana Maryam ga kututturen dabino. An ambaci wannan wahala ne domin a san girman haƙƙin uwa. Wanda ya san wannan haƙƙi kuwa ba zai bar ta da wahalar da ake iya kauce mata ba.

2.0 Mece ce Yagewa, Kuma Mene ne Matakanta?

Gurbin da ake magana a kansa shi ne naman da ke tsakanin ƙasan farji da dubura, wanda a Larabci ake kira al-ijan. Idan kan jariri ya zo fita, wannan gurbi yana miƙewa matuƙa, kuma idan miƙewar ta wuce abin da zai iya ɗauka sai ya yage. Mata a ƙasar Hausa sukan ce wance "ta ƙaru", idan kuma ma'aikaciyar asibiti ce ta yanka da almakashi don faɗaɗa hanya sai su ce "an yi mata ƙari".

Likitoci sun kasa yagewa mataki huɗu. Mataki na 1 shi ne wanda ya tsaya a fata, kuma sau da yawa yakan warke da kansa. Na 2 ya shiga tsokar gurbin, yana bukatar ɗinki. Na 3 ya kai ga zoben tsokar da ke riƙe dubura, wato wanda mutum ke matsewa don riƙe iska da bayan gida. Na 4 ya ratsa wannan zobe har ya shiga fatar cikin dubura.

Kwalejin likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya ta bayyana cewa a ƙasarsu kusan 9 cikin 10 na masu haihuwar fari ta hanyar gaba sukan sami wani nau'i na yagewa ko ƙujewa ko ƙari. Mataki na 3 da na 4 kuwa yakan sami kimanin 6 cikin 100 na masu haihuwar fari, da kimanin 2 cikin 100 na waɗanda suka taɓa haihuwa. Darasi biyu ne a nan. Ƙaramar yagewa abu ne gama-gari, ba abin tsoro ko zargi ba ne. Babbar yagewa kuwa ba ta da yawa, amma ita ce ke lalata rayuwa idan ba a gane ta an ɗinke da wuri ba: rashin riƙe iska da bayan gida, zafi wajen saduwa, da ƙuncin zuciya.

Ya kamata a bambance wannan da yoyon fitsari. Yoyon fitsari galibi doguwar naƙuda ce ke kawo shi, inda kan jariri ke danne nama a kan ƙashi na tsawon lokaci har naman ya mutu ya huje. Yagewa kuwa a lokacin fitowar jariri take faruwa. Sai dai yagewa ta mataki na 4 da ba a ɗinke daidai ba tana iya barin ɓula tsakanin farji da dubura. Malaman fiƙihu sun san irin wannan haɗewar hanyoyi, suna kiranta ifda'u, kuma za mu dawo kanta.

3.0 Abubuwan da ke Ƙara Haɗarin

Wasu abubuwan ba su a hannun kowa: haihuwar fari, jaririn da ya haura kilo 4, jaririn da ya zo fuskarsa tana kallon gaban uwa maimakon bayanta, maƙalewar kafaɗa bayan kai ya fito, da bukatar jawo jariri da ƙarfe ko na'urar zuƙo. Matar da ta taɓa samun babbar yagewa ita ma haɗarinta ya fi na waninta. Ko da yake ba a iya kawar da waɗannan, sanin su tun a wurin awon ciki yana sa a zaɓi wurin haihuwar da ya dace. Ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, misali, yana daga cikin abubuwan da ke sa jariri girma fiye da kima, kuma a awo ake gano shi.

Wasu abubuwan kuwa aikin hannun mutane ne. Akwai danna cikin mai naƙuda daga sama don a turo jariri. Akwai matsa mata ta yi nishi da ƙarfi tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba. Akwai jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda da allurar naƙuda da wanda bai san aikinta ba yake yi a gida ko a kyamis, wadda kan sa jariri ya fito a guje kafin nama ya miƙe, kuma tana iya fasa mahaifa. Akwai yankan gishiri, wato tsaga cikin farji da aska ko reza da sunan sauƙaƙa haihuwa, wanda likitocin Arewa suka daɗe suna lissafa shi cikin masu jawo yoyon fitsari. Akwai kuma kaciyar mata, domin tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka gudanar a ƙasashen Afirka shida, da Nijeriya da Gana da Sudan a cikinsu, ya nuna cewa matan da aka yi wa kaciya sun fi fuskantar matsaloli wajen haihuwa, kuma haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon girman yankan.

Sai kuma haihuwa ba tare da gwani ba. A al'adar Bahaushe, ungozoma sau da yawa takan iso ne bayan jariri ya faɗo, ta yanke cibi ta yi wanka. Mai haihuwar fari, saboda kunya, takan ɓoye naƙuda har abu ya yi nisa. Ƙididdigar lafiya ta Nijeriya ta 2018 ta nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai aka yi a asibiti, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Ma'anar wannan ita ce, mafi yawan matanmu suna haihuwa babu mai tallafe gurbin a lokacin fitowar kai, babu kuma mai dubawa bayan an gama.

4.0 Hanyoyin Rage Haɗarin

4.1 Kafin Naƙuda

Abu na farko shi ne awon ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta gana da ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. A nan ne mace za ta faɗi abin da ya same ta a haihuwar baya, ko an taɓa yi mata kaciya ko gishiri, ko tana fama da rashin riƙe iska. Wadda ta taɓa babbar yagewa kuma har yanzu tana da alamunta, likita na iya tattaunawa da ita kan haihuwa ta hanyar tiyata.

Abu na biyu shi ne tausar gurbin daga wajen mako na 35. Mace za ta wanke hannu, ta yanke farce, ta shafa tsaftataccen mai marar turare kamar man zaitun. Sai ta shigar da babban yatsa kimanin santimita 3 zuwa 4, ta danna ƙasa wajen dubura da gefe da gefe har ta ji miƙewa, ta riƙe na kimanin minti ɗaya, sannan ta riƙa zagayawa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan na wajen minti biyar, sau da dama a mako. Ba a yin wannan idan akwai ciwon sanyi ko ƙuraje a wurin, ko zubar jini, ko faya ta fashe. Bitar cibiyar Cochrane ta 2013 ta nuna cewa wannan tausa tana rage yiwuwar raunin da ke bukatar ɗinki, musamman ƙari, ga masu haihuwar fari. Amanar ilimi ta sa a faɗi cewa wannan bita ba ta tabbatar da raguwar mataki na 3 da na 4 ta wannan hanya ba.

4.2 Lokacin Naƙuda

Jagorar kula da mai naƙuda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ta tattara abubuwa da dama. Ta yi umarni da a bar mace ta bi yunƙurin da jikinta ke kawo mata wajen nishi. Ta hana danna ciki da hannu. Ta ƙarfafa a bar mace ta zaɓi yanayin da za ta haihu, a kuma bar ta da wanda ta amince da shi a kusa da ita. Game da gurbin kansa, ta amince da hanyoyi uku: tausa a lokacin nishi, ɗora tsumma mai ɗumi, da tallafe wurin da hannu.

Tsumma mai ɗumi shi ne mafi araha, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Bitar Cochrane ta 2017 ta nuna cewa ɗora tsaftataccen tsumma da aka jiƙa da ruwan ɗumi a kan gurbin, a lokacin da kai ke saukowa, yana rage yagewa ta mataki na 3 da na 4. Sharaɗin shi ne ruwan ya zama mai ɗumi wanda fata ke jurewa.

Mafi hatsarin lokaci shi ne sa'ad da kai ya kunno ya cika hanya. A nan ake so mace ta dakata da nishi mai ƙarfi, ta riƙa fitar da gajeren numfashi, mai karɓar haihuwa kuma ta tallafe gurbin da hannu ɗaya, ta sassauta fitowar kai da ɗayan, har ya fito sannu a hankali. Haka ake yi wa kafaɗu. Wannan ba ya yiwuwa sai da fahimtar juna tsakanin su biyun, shi ya sa tsawa da zagi da mari a ɗakin haihuwa, ban da kasancewarsu zalunci, suna ɓata aikin kansa. Matar da ta firgita takan ƙanƙame jiki ko ta yi yunƙuri a lokacin da ake son ta dakata.

Game da yanayin zama, likitocin Birtaniya suna ambaton durƙuso, da rarrafe bisa hannuwa da gwiwoyi, da kwanciya a gefe, a matsayin yanayin da ke iya rage tsananin yagewa. Abin lura ne cewa durƙuso shi ne yanayin haihuwar Bahaushiya tun asali, har ake cewa mace tana kan gwiwa. Ashe ba duk abin gargajiya ne abin yarwa ba, kuma babu dalilin tilasta wa kowace mace kwanciya rigingine idan babu lalura.

Ƙari kuwa, a da ana yi wa kusan duk mai haihuwar fari a asibitoci da yawa, bisa zaton yanka ya fi yagewa. Bincike ya rushe wannan zato, kuma jagorar 2018 ta hana mayar da shi al'ada. Ana yin sa ne idan akwai dalili, kamar jawo jariri da ƙarfe ko gaggawar ceton jaririn da ya galabaita, a karkace zuwa gefe nesa da dubura, da izinin mace, bayan an kashe zafin wurin.

4.3 Bayan Haihuwa

Bayan fitowar mabiyiya, wajibi ne mai karɓar haihuwa ta duba gurbin da haske isasshe, kuma da izinin mace ta duba ta dubura, domin babbar yagewa tana iya ɓuya a bayan fata mai kama da lafiyayya. Mataki na 3 da na 4 likita ƙwararre ne ke ɗinke su a ɗakin tiyata, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na tausasa bayan gida. Mafi yawan waɗanda aka yi wa haka a kan lokaci suna warkewa. A gida kuma sai tsafta da ruwan ɗumi, da yawan shan ruwa da cin ganye, da atisayen matse tsokar ƙasan mara. A guji cusa haɗin matsi a kan sabon rauni, a guji zama cikin ruwa mai ƙuna. Zazzaɓi, ko wari, ko buɗewar ɗinki, ko kuɓucewar iska da bayan gida, kowannensu dalili ne na komawa asibiti nan take.

5.0 Matsayin Shari'a

5.1 Tawakkali da Riƙon Sababi

Kiyaye rai da kiyaye zuriya suna cikin larurori biyar da Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka bayyana cewa Shari'a ta zo don tsare su. Hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa kuma Ibnu Majah ya ruwaito, shi ne tushen ƙa'idar gusar da cuta, kuma daga cikin rassanta akwai tunkuɗe cuta gwargwadon iko tun ba ta auku ba. Hadisin Usama ɗan Sharik a wurin Abu Dawuda da Tirmizi ya yi umarni da neman magani.

Wasu sukan ce haihuwa ta Allah ce, abin da aka rubuta ba makawa. Gaskiya ne, amma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma ya nuna cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Wasu kuma sukan kafa hujja da hadisin Jabir ɗan Atik da ya lissafa macen da ta rasu a dalilin haihuwa cikin shahidai. Wannan bushara ce ga wadda abin ya sama. Hadisin nan ya lissafa wanda ya nutse da wanda gini ya faɗa wa, kuma babu malamin da ya fahimci cewa an halatta barin katanga ta rufta kan mutane.

5.2 Kunya da Al'aura

Kunya reshe ce ta imani, amma Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kunyar da ke sa yarinya ta kwana tana naƙuda ba ta faɗa wa kowa ba, ko ta shekara shida da rauni ba ta nemi magani ba, ba ita ce abar yabon ba. Malamai sun halatta buɗe al'aura don magani gwargwadon bukata. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Burunai a 1993, ta jera abin kamar haka: likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi amintacce, in babu sai waninsa, tare da kauce wa keɓancewa da taƙaita kallo ga wurin lalura. Saboda haka mijin da ya hana matarsa asibiti don kada namiji ya gan ta, alhali babu mace gwana a kusa, ya tsananta a inda Shari'a ta sassauta.

5.3 Tausa, Alwala da Azumi

Tausar da aka ambata magani ce, halas ce ga mace ta yi da kanta ko mijinta ya taimaka mata. Mashahurin zance a Malikiyya shi ne shafar mace ga farjinta ba ta warware alwala, wasu daga cikinsu kuma suka ce tana warwarewa idan ta shigar da yatsa, Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa suna ganin warwarewa. Sake alwala ya fitar da ita daga saɓani. Idan tana azumi, malamai sun yi saɓani kan shigar da abu mai danshi ta gaba, don haka ta bari sai dare.

5.4 Nauyin Miji

Shaihu Khalil a Mukhtasar ya lissafa ladan ungozoma cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji. Gaskiya ne malaman farko ba su wajabta masa kuɗin magani gaba ɗaya ba, amma Shaihu Wahba Zuhaili da wasu malaman wannan zamani sun rinjayar da wajabcinsa, ganin cewa magani a yau ya zama bukata kamar abinci. Idan ladan ungozoma wajibi ne, to kuɗin awo da na mota da na kayan haihuwa suna bin sa, domin ta nan ake isa ga ungozomar da ta san aiki. Haka nan miji ya bar izinin fita tun kafin naƙuda, kada a zauna jiran dawowarsa daga kasuwa ko daga tafiya.

Bayan haihuwa, mafi tsawon jinin biƙi kwana 60 ne a Malikiyya da Shafi'iyya, kwana 40 a Hanafiyya da Hambaliyya. Ɗaukewar jini tana ɗage haramcin saduwa ta fuskar tsarki, amma haramcin cutarwa yana nan har rauni ya warke.

Malikiyya sun lissafa ifda'u cikin aibobin da ke ba miji zaɓin warware aure, sai dai sun ƙayyade haka da aibin da ya riga ɗaurin aure. Wanda ya sami mace bayan ɗaurin aure, a wurinsu musiba ce da ta sauka wa mijin, ba shi da zaɓi a kanta. Don haka wanda ya mayar da matarsa gidan iyayenta saboda raunin da ta samu wajen haifa masa ɗa, ya yi watsi da ita babu ci babu magani, ba shi da mafaka a wannan babi. Irin wannan rauni ana gyara shi ko ya daɗe, a cibiyoyi irin su asibitin Babbar Ruga a Katsina, da cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi.

5.5 Lamunin Mai Karɓar Haihuwa

Hadisin Amru ɗan Shu'aibu, a wurin Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah, ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da shi ba. Ibnu Rushd a Bidayatul Mujtahid ya ambaci cewa babu saɓani a kan haka, Ibnul Ƙayyim kuma ya rarrabe tsakanin gwanin da aka yi wa izini ya yi aiki bisa ƙa'ida, da jahili, da gwanin da hannunsa ya kuskure. A kan wannan ma'auni, mai yankan gishiri da mai allurar naƙuda ba da sani ba masu lamuni ne. Yankan gishiri ba shi da alaƙa da abin da littattafan fiƙihu suka tattauna a babin kaciya. Kaciyar matan kanta, Darul Ifta ta Misira ta yi fatawar hana ta saboda cutar da aka tabbatar, kuma dokar tarayyar Nijeriya ta 2015 ta haramta ta. Ma'aikaciyar asibiti ma ba ta kuɓuta ba idan ta yi ƙari babu dalili, ko ta sallami mace ba ta duba ta ba.

5.6 Farali na Kifaya

Ibnu Khaldun ya keɓe wa sana'ar ungozomanci fasali a Muƙaddima, ya sanya ta cikin sana'o'i masu daraja da ɗan Adam ba ya wadatuwa da barin su, har ya ambaci yadda ungozoma ke jinyar raunin da fitowar jariri ke bari. Zahrawi na Andalus ya rubuta fasulla na koyar da ungozomomi a littafinsa At-Tasrif. Imam Gazali a Ihya'u ya koka kan garuruwan Musulmi da suka cika da masu karatun saɓanin fiƙihu alhali babu likita Musulmi. Kukan nan ya shafe mu. Al'ummar da ke son mata su duba mata, dole ta bar 'ya'yanta mata su yi karatun ungozomanci da likitanci, kuma jami'o'in Musulunci su ne suka fi cancantar buɗe wannan ƙofa.

6.0 Kammalawa

Hukuncin da na faɗa wa mai tambayar nan shi ne na Malikiyya: abin da ke kuɓucewa ba da iko ba, idan ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sai dai an so a sabunta ta ga kowace salla idan yana yankewa. Sallarta ingantacciya ce. Na ƙara mata da cewa abin da ke damunta yana da suna a wurin likitoci, kuma ana yi masa aiki.

Abin da ake nema ga sauran mata bai fi ƙarfinmu ba: awo a kan lokaci, haihuwa a gaban gwana, tsumma mai ɗumi, haƙuri a lokacin fitowar kai, barin danna ciki da yanka babu dalili, da dubawa kafin a sallama. Ba za a kawar da yagewa gaba ɗaya ba ko an yi duk wannan, kuma wadda ta same ta ba ta da laifi. Shawarata ga malamai 'yan'uwana ita ce, idan muka zo babin jinin biƙi da babin ciyarwa a Risala ko Askari ko Mukhtasar, mu faɗi waɗannan abubuwa a fili cikin ladabi, ga mata a makarantunsu da maza a zaurukansu, domin sau da yawa izini da kuɗi a hannun mazan suke.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Allah ne Mafi sani.